Gilashi da Sanyi, Raga da Zafi: Yadda Ake Haɗa Ƙyauren Waje a Arewacin Amurka

A ƙarshen watan Oktoba, idan ganyen itatuwa ya gama kakkaɓewa a jihar Minesota ta Amurka, akwai wani ɗan aiki da magidanta masu tsofaffin gidaje suka san lokacinsa ya yi. Mai gida zai sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya ciccibo wani allon gilashi mai firam ɗin katako, ya jingine shi a bakin ƙofa. Da sukudireba guda zai murɗa wasu 'yan maɓallan ƙarfe, ya zare allon ragar sauro da ke jikin ƙyauren tun watan Mayu, ya zura gilashin a gurbinsa. Kafin shayin da ya ajiye ya huce an gama. Ƙyauren da jiya iska ke ratsa shi, yau ya zama garkuwa.

Dalilin wannan ɗawainiya yana cikin yanayin wurin. Sanyin Minesota ba na wasa ba ne: ranar 2 ga Fabrairun 1996, a kusa da garin Tower, ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 51 ƙasa da sifili. Amma da zarar ƙanƙara ta narke, tafkunan jihar da fadamunta sai su cika da sauro, har mutanen wurin kan yi raha su ce sauro ne tsuntsun jiharsu. Tun 1958 yankin biranen Miniyafolis da Sent Fol yake da hukuma ta musamman ta yaƙi da sauro. Gidan da ke irin wannan wuri yana son ƙofar da za ta toshe iska wata shida, ta kuma sake ta wata shida ba tare da ƙwari sun biyo ta ba.

Ba ainihin ƙofar gida ake magana a kai ba. Ƙyaure ne na biyu, mara kauri, da ake rataya shi a wajen babbar ƙofa, yana buɗewa ta waje. Sunansa a bakin Amurkawa na nufin ƙofar guguwa, sai dai sunan ya fi abin girma, don ba zai tare mahaukaciyar guguwar teku ba. Abin da yake tarewa shi ne iska mai sanyi da feshin ruwa da dusar ƙanƙara.

Ita ragar kuwa daga rariya ta fito. Kamfanin Gilbert & Bennett na garin Georgetown a jihar Kanetikat a da yakan saƙa waya don yin rariya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, kasuwarsa ta Kudu ta rufe, saƙaƙƙiyar waya ta taru ba mai saye, sai aka shafa mata fenti don kada ta yi tsatsa aka fara sayar da ita a matsayin makarin taga. Daga nan gidaje da yawa suka koma suna da ƙyaure biyu na waje, na raga da na katako, ana kwance wannan a ɗaura wancan sau biyu a shekara. Duk wanda ya taɓa kokawa da ƙyaure shi kaɗai, yana neman ramin sukuru da hannu ɗaya, ya san dalilin da ya sa aka nemi sauƙi. Dabarar da aka samo ita ce a bar firam ɗin a rataye dindindin, cikinsa kawai za a riƙa canzawa. Har an kafa kamfani a garin Fond du Lac na jihar Wiskonsin da sunan wannan ƙyaure ya zama sunansa, Combination Door Company.

Kafinta yakan fara da awo, kuma a tsohon gida awo ɗaya ba ya isa. Yawancin ƙofofin shiga a Amurka faɗinsu inci 32 ne ko 36, tsawonsu inci 80, wato kusan santimita 91 da 203 ga babbar. Wannan a takarda ke nan. Gidan da ya shekara tamanin ya zauna, ya karkata, an yi masa fenti hawa-hawa. Saboda haka ana auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsawo a dama da hagu, a riƙe mafi ƙanƙanta. Sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, bakin ƙofar ya goce, kuma kafinta zai bar ɗan rara a jikin ƙyauren don ya fere shi ya bi gocewar. Akwai awo na ƙarshe da sababbin hannu kan manta: tazarar da ke tsakanin babbar ƙofa da inda sabon ƙyaure zai zauna. In ba a lura ba, mariƙin wannan zai riƙa karo da mariƙin wancan, ƙyauren ya ƙi rufuwa.

Sai zaɓen katako. Ana son wanda ya bushe sosai, mai miƙaƙƙen jijiya, mara ido, kaurinsa inci ɗaya da ɗan ɗori, kusan santimita uku. Masu neman arha kan ɗauki katakon fayin, masu hali su ɗauki madaci ko farin oak, waɗanda suka fi jure ruwa. Ƙyaure siriri ne mai tsawo wanda ba shi da komai a tsakiya, don haka ɗanyen katako ko mai murɗaɗɗen jijiya zai lanƙwashe cikin shekara guda, ba kuwa gyara.

Daga katakon ake yanke dogaye biyu na gefe, faɗin kowanne kamar santimita goma, da gajeru na kwance. Na ƙasan ya fi kowanne faɗi, yakan ninka na saman, domin shi ke shan harbin ƙafa da fantsamar ruwa, shi ne kuma ke hana ƙyauren sunkuyawa. Wasu kan ƙara ɗan allon katako a ƙasa, kamar zuwa gwiwa, saboda yara da karnuka. Haɗin kusurwa shi ne ƙashin bayan aikin. A bakin gajeren katako ana fitar da harshe, a jikin dogon a huda rami daidai da shi, a shafa gam mai jure ruwa, a cusa, a matse da ƙarfen matsi har gam ɗin ya kama. Ƙusa ko sukuru kaɗai ba za su riƙe ba, saboda ƙyaure ne da za a buga shi sau dubbai, kuma rabin shekara yana ɗauke da nauyin gilashi. Kafin gam ya bushe ana sake auna kusurwa zuwa kusurwa, a kuma tabbatar an kwantar da shi a kan tebur mai shafaffen fuska, don ƙyauren da aka haɗa a murɗe a murɗe zai dawwama.

Inda gizo ke saƙa shi ne gurbin tsakiya. A kewayen bakinsa, ta fuskar da ke kallon cikin gida, ana yanke wani ɗan mataki, zurfinsa daidai da kaurin allon da zai zauna a ciki. Leɓen da ya rage ta waje yana yin aiki biyu: yana hana allon faɗawa waje, yana kuma rufe tsagar da iska da ƙwaro za su bi. Ta ciki ake yanke matakin don kada wani ya zo daga waje ya zare allon, sannan ruwan sama ba zai sami hanyar kwarara kai tsaye ba.

Alluna biyun kuwa tagwaye ne, dole su zo cif-cif. Ƙwararren kafinta ba ya haɗa ɗaya yau ɗaya gobe. Yakan yanke katakon firam ɗinsu lokaci guda, ba tare da ya taɓa saitin zarto ba, domin bambancin milimita biyu ya isa ya sa ɗaya ya shige salin-alin ɗaya kuma ya cije. Ana rage kowane allo kamar milimita biyu zuwa uku daga girman gurbin a kowane gefe. Rarar ba sakaci ba ce. Katako na kumbura da laimar bazara, ya tsuke da bushewar sanyi, ga kuma kaurin fenti da zai hau bakin allon da bakin gurbin. Kafintan da ya yi alfahari da allon da ya shiga tsam a shago, idan watan Agusta ya zo mai gida zai nemi guduma.

Gilashi yana da nasa sharaɗi, kuma doka ce ta gindaya shi. Tun 1977 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta wajabta gilashin kariya a irin waɗannan ƙyamare, bayan shekarun da yara suka yi ta rugowa a guje suna faɗa wa gilashin ƙofa yana yayyanka su. Wanda aka fi sakawa shi ne gasasshe: ana dumama shi ya wuce digiri 600, a sanyaya fuskarsa farat ɗaya da iska. Hakan na sa ya ninka gilashin yau da kullum ƙarfi kamar sau huɗu, idan kuma ya fashe sai ya dagargaje kamar tsakuwa maimakon ya yi tsini irin na wuƙa. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya yankuwa bayan an gasa. Shi ya sa ake gama firam tukuna, a auna, a rage milimita uku, sannan a aika wa masu gilashi da awon. Idan ya iso, a zizara silikon siriri a gurbinsa, a kwantar da shi, a danne da 'yan siraran katako. Gilashi mai kaurin milimita uku nauyinsa kilo bakwai da rabi ne a kowace murabba'in mita, don haka allon cikakken ƙyaure, haɗe da firam, yakan kusa kilo goma.

Raga ta fi sauƙin kuɗi amma ta fi son hannu. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai ido 18 a inci ta wannan fuska, 16 ta waccan, kuma ta isa ta tare sauro da ƙuda. A bakin tafki ko gaɓar teku, inda ake fama da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo, ana saka mai ido 20 ta kowace fuska, a haƙura da raguwar iska. Akwai ta zaren gilashi mai rufin roba, wadda ba ta tsatsa kuma ba ta riƙe lotsawa amma tana saurin yagewa. Akwai ta alminiyam mai ƙarfi, sai dai inda gwiwar yaro ta dannu, alamar ta zauna ke nan. Masu gyaran gidajen tarihi sun fi son ta tagulla, wadda ke fara da ƙyalli kamar zinariya ta koma duhu a hankali. Ita wannan sai da ƙusar tagulla ko ta jan ƙarfe, domin idan ƙarfe iri biyu suka haɗu ga laima, ɗaya yakan ci ɗaya.

Don raga ta miƙe tamau kamar fatar ganga, tsofaffin kafintoci suna da wata dabara mai daɗin kallo. Za su kwantar da firam a kan tebur, su sa ɗan katako ƙarƙashin kowane ƙarshe, su matse tsakiyar ƙasa har firam ɗin ya yi ɗan baka. A haka za su buga ragar a sama da ƙasa. Da sun saki matsin, firam ya miƙe, ya ja ragar da kansa, ja na bai-ɗaya da hannu ba zai iya ba. Sannan a buga gefuna, daga tsakiya ana fita, a rufe ƙusoshin da siririn katako, a bi da reza a yanke abin da ya leƙo. Idan firam ɗin alminiyam ne, babu ƙusa: kwarmi ne a kewaye, ana danna ragar ciki da igiyar roba, ana bin ta da wata 'yar taya mai mariƙi. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne ja da ƙarfi, har gefunan firam su shigo ciki kamar ƙugun kalangu.

Abin da ke riƙe allo a gurbi ƙarami ne ƙwarai. Mafi tsufa su ne maɓallan ƙarfe masu juyawa a kan sukuru guda, huɗu ko shida a kewaye. Akwai kuma waɗanda ake binnewa a cikin katako, kan sukuru kawai ake gani, idan an murɗa sai wani ɗan harshe ya fito ya shige tsaga. Na biyun sun fi kyan gani, na farkon sun fi saurin gyaruwa ranar da fenti ya cushe su.

Fenti kuwa ana yin sa kafin a rataya, a kuma bi fuska shida duka, har da saman ƙyaure da ƙasansa da ba mai gani. Ta nan katako ke shan ruwa, ta nan kuma ruɓa ke farawa.

Wajen ratayawa ana ɗora ƙyauren a bakin ƙofa a kan 'yan tsinke, a zana inda ya yi yawa, a fere har a sami tazarar kamar milimita uku a sama da gefuna. Gefen da sakata take ana ɗan zaftare shi kaɗan ta ciki don kada ya goga idan ana rufewa. Hinji uku ake sawa, ba biyu ba. A ƙasa ana ɗaura wata roba mai share dokin ƙofa. Akwai wani abu da ke ba baƙo mamaki a nan: ba a son ƙyauren waje ya toshe ruf fiye da babbar ƙofa. Ɗumin cikin gida yana ɗauke da laima, idan ya sulalo tsakanin ƙofofin biyu ya rasa mafita, zai kwanta a kan gilashi mai sanyi ya zama raɓa, raɓa ta zama ƙanƙara, mai gida ya wayi gari ba ya ganin waje. Babbar ƙofa ce ya kamata ta fi matsewa, na wajen a bar masa ɗan numfashi.

Na ƙarshe a ɗaurawa shi ne famfon da ke jawo ƙyaure ya rufu, wani bututu mai sifirin a ciki da iska ke rage masa gudu. A gindinsa akwai sukuru: a ɗaure shi ƙyaure ya tafi a hankali, a sassauta ya ƙara sauri. Wannan saiti ba ya zama ɗaya duk shekara. Idan raga ce a jiki, iska na ficewa ta idanunta, ƙyaure ya faɗo da ƙara. Idan gilashi ne, iskar da ke tsakanin ƙofofin biyu takan zama kamar matashi, ta tokare shi ya tsaya gab da sakata bai kama ba. Shi ya sa famfuna da yawa ke da rami biyu a bakinsu, ɗaya na lokacin gilashi mai ƙara ƙarfin fizgar ƙarshe, ɗaya na lokacin raga. Mutane da dama sun shekara da shekaru suna tsaki a kan ƙyauren da ba ya rufuwa da sanyi, alhali matsar da fil ɗaya ne maganin. A sama kuma akan sa sarƙa mai sifirin, don kada iska ta fizge ƙyauren ta tumɓuke hinji har da katakon da ke riƙe da su.

Yau yawancin masu saye ba sa zuwa wurin kafinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu alminiyam ya yi arha, ƙyamaren masana'anta suka mamaye kasuwa. Suna zuwa a kwali da nasu firam, a yanke dogayen ƙarafan gefe da zarton ƙarfe daidai tsawon ƙofa, a fara ɗaura na gefen hinji, a sa na sama mai karkatar da ruwa, a ƙare da na gefen sakata. Allunansu ana riƙe su ne da dogayen robobi da ake dannawa su shige kwarmi, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin ɓanɓaro su da yatsu a sanyin Nuwamba, lokacin da roba ta ƙage, ba ya yabon wanda ya ƙirƙiro su. Daga baya aka fito da masu ajiye kayansu a jikinsu, gilashi na zamewa sama ko ƙasa a kan layi, raga na nan daram a bayansa. Sai kuma masu ragar da ke naɗewa a saman ƙyaure, ana jan gilashi ƙasa tana biyo shi. Tunanin naɗe raga tsoho ne: a 1925 Peter Kuyper da matarsa Lucille suka zuba dala 5,000 a wani ƙaramin kamfanin ragar taga mai naɗewa, Rolscreen, wanda ya zama Pella na jihar Ayowa. Girman kasuwar ma ba kaɗan ba ne. Kamfanin Larson mai ƙera irin waɗannan ƙyamare, da aka kafa a 1954, an sayar da shi a 2020 a kan kusan dala miliyan 740, lokacin hedkwatarsa na Brookings a Dakota ta Kudu.

Kowanne da farashin sauƙinsa. Mai naɗewa ba ya buƙatar wurin ajiya, amma rabin ƙyauren kawai ke shan iska, kuma ranar da sifirinsa ya mutu gyaran ya wuce na mai sukudireba. Mai alluna biyu yana ba da iska daga sama har ƙasa, kuma babu abin da zai lalace a jikinsa da ba a iya gyarawa a kan tebur. A wannan fuska tsohon yayi bai tsufa ba.

Akwai gidan da bai kamata a bar gilashin a jikinsa ba ko kaɗan idan zafi ya shigo. Ma'aikatar makamashi ta Amurka tana gargaɗin cewa ƙofar da rana ke duka kai tsaye na awowi a yini, gilashin waje zai tara mata zafi har ya iya lalata ta. Fenti ya kumbura, katako ya tsage, robar da ke kewaye da tagar ƙofa ta lanƙwashe, mariƙi ya yi zafin da ba ya taɓuwa, musamman idan ƙofar mai duhun launi ce kuma tana kallon kudu ko yamma. Ma'aikatar ta kuma ce wanda ya riga ya saka sabuwar ƙofa mai rufin hana sanyi, ƙarin ƙyauren waje ba zai rage masa kuɗin dumama gida da yawa ba. Ribarsa ta fi fitowa a tsohuwar ƙofar katako mai lafiya.

Allon da aka cire ana wanke shi kafin a ajiye, raga da ruwan sabulu da burushi mai taushi, gilashi da tsumma. A tsaye ake jingine shi, a kan ɗan katako don kada ya sha laimar daɓe, kuma ba a ɗora wa raga komai. Gidan da ke da ƙofar gaba da ta baya, akan rubuta a bakin kowane allo ta inda ya fito, don alluna biyu kan yi kama a ido su bambanta a gurbi. Wajen ƙarshen Mayu, idan ƙasa ta yi kore, mai gida zai sake sauka ɗakin ƙasa, ya ɗaga ragar saitin hasken taga yana neman huji, ya liƙe wanda ya gani, ya hau da ita. Zai murɗa maɓallai, ya sauke gilashi, ya mayar da fil ɗin famfo ɗaya ramin, sannan ya tura ƙyauren ya saki, ya tsaya yana sauraron yadda sakata za ta kama.